Samanja Mazan Fama da Sana'ar Ba Da Dariya

  

Abin da ya jawo hirarmu ta yau, wata baiwar Allah ce daga wajen Malumfashi ta aiko da saƙo ta hannun ƙanenta. Ta ce ɗanta na fari ya gama sakandare, babansa yana so ya kama masa noma, shi kuwa yaro ya kafe sai wasan barkwanci, wai so yake a riƙa ganinsa a talabijin. Ta ce abin ya hana ta barci, don ita a saninta ɗan wasa ba ya da mutunci. Yaya, na ji kukanki. Amma kafin a yanke hukunci, bari in ba ku tarihin mutum guda da ya yi wannan sana'a tun daga ƙuruciya har tsufa, mu ga abin da ke cikinta.

Duk wadda ta girma a Funtuwa, Bakori, Ɗanja ko Kafur ta san sunan Samanja Mazan Fama. Kun san kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, mu 'yan Jihar Kaduna ne, kuma Rediyon Kaduna shi ne abokin hirar kowane tsakar gida. Wadda gidansu ba talabijin ta ji muryarsa a rediyo, yara kuwa su tafi gidan maƙwabta kallo, su dawo suna kwaikwayonsa.

Sunansa na yanka Usman Baba Pategi. An haife shi a 1942 a garin Pategi da ke Jihar Kwara ta yanzu, a bakin kogin Kwara. Banufe ne, kuma ɗan gidan sarauta. Ku lura da wannan: mutumin da ya sa Hausawa dariya shekara da shekaru, Hausa ba ita ce harshen da ya tsotsa ba. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi aiki a gidan rediyo, sannan ya shiga soja a zamanin da ƙasa ta faɗa yaƙin basasa, wanda aka yi daga 1967 zuwa 1970.

To, a barikin nan ne ya samo jarinsa. Kalmar samanja muƙami ce a soja, daga Turanci aka aro ta. Samanja ba hafsa ba ne, amma shi ne babba a kan ƙananan sojoji. Shi ke tsawa a fagen fareti, shi ke duba tsabtar bariki, kuma shi ma yana da na gaba da shi da zai ƙame wa. Usman ya zauna da irin waɗannan mutane, ya ga yadda suke tafiya, yadda suke zare ido, da yadda suke magana da Hausar bariki, wadda ake cakuɗa ta da gurɓataccen Turanci. Da ya zo tsara wasa, sai ya ɗauko wannan mutum ya ajiye shi gaban jama'a: mai tsawa a waje, amma da ya shigo gida sai rigimar iyali ta sha kansa. Wace ce a cikinmu ba ta san irin wannan maigida ba?

Yanzu bari in yi muku bayanin yadda ake aikin, don da yawa muna zaton mutum tashi kawai yake ya yi ta shirme a gaban na'ura. Ba haka ba ne. Da farko sai an samo labari: me ya faru, wa ya yi laifi, yaya za a ƙare. Sai a yanka labarin kashi-kashi, a ce wannan fitowa a ofis, waccan a tsakar gida. A wasanninmu na Hausa, galibi ba a rubuta kowace kalma. Mai tsarawa yana rubuta ƙashin bayan labari, ya gaya wa kowa matsayinsa da inda ake so maganarsa ta dosa, sauran kuwa daga bakin ɗan wasa za ta fito. Shi ya sa sai mai kaifin ƙwaƙwalwa. Bayan nan a yi gwaji, a ɗauka, a yanke abin da bai dace ba. Kuma shirin mako-mako ba ya jiran kowa. Ko kana da zazzaɓi, ko an yi maka rasuwa, ranar shiri tana nan tafe. Samanja ya haɗa duka: shi ne mai tsara labari, shi ke ba da umarni, shi ne kuma tauraron wasan.

Wasan nasa ya yi wani amfani da ba kowa ya lura ba. A shekarun mulkin soja, talaka in ya hango kaki sai gabansa ya faɗi. Samanja ya shigo da soja cikin ɗakunanmu, muka ga ashe shi ma mutum ne, yana cin bashi, yana kuskure, ana yi masa faɗa. Su kansu sojojin suna kallo suna dariya, suna gane halinsu. Gyara kayanka ke nan ba tare da zagi ba.

Kuma kada mu ɗauka talabijin ce ta kawo mana wannan. Muna da 'yan kama da 'yan gambara tun kaka da kakanni, muna da tashe a watan azumi. Ke kanki uwargida, daren da kika zaunar da yara kina yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kina maƙale murya irin ta Gizo, ai wasan kwaikwayo kike yi.

Sai dai ba zan ɓoye muku ɗacin sana'ar ba. Suna daban, kuɗi daban. Mutanen wancan zamani sun yi suna har ƙasashen maƙwabta, amma abin da ake biyansu bai kai sunan ba, kuma da yawansu sun ƙare da doguwar jinya. Kasimu Yero, mutumin Zariya mai wasan Karambana, ya rasu a 2017. Rabilu Musa Ɗan Ibro ya rasu a Disambar 2014. Karkuzu na Jos ya rasu a 2025. Samanja kuwa Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81. Allah ya jiƙansu da rahama. Abin lura shi ne Samanja ya yi aikin soja da na gidan rediyo, Ibro ma ya yi aikin gandiroba kafin ya koma fim gaba ɗaya. Ba da hannu biyu suka faɗa wasa ba tun ranar farko.

Saboda haka yaya ta Malumfashi, ga shawarata. Kada ki yi wa yaron nan baki, bakin uwa kaifi gare shi. Ki zaunar da shi ki tambaye shi: wane labari gare ka, ka taɓa rubuta shi a takarda? In da gaske yake, zai kawo miki. Ki sa masa sharaɗi uku. Ya riƙe karatu ko sana'ar hannu, damina kuma ya bi babansa gona, don a gona da kasuwa da wurin awon hatsi ake tsintar halayen mutane, kamar yadda Samanja ya tsinci nasa a bariki. Na biyu, ban da batsa, ban da yi wa naƙasasshe ko wata ƙabila dariya. Na uku, duk abin da ba zai iya yi a gabanki ba, kada ya yi shi a gaban na'ura, musamman yanzu da waya ke kai abu duniya cikin minti ɗaya, kuma ba ya gogewa. Sannan ki samu lokacin da maigida ya ci ya ƙoshi, ki yi masa maganar cikin lalama, ku haɗu ku sa wa yaron albarka.

Nan zan dakata saboda lokaci. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko, ƙofa a buɗe take. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.