ƘAURA DA ABINCI: YADDA ZA A KAI SHI GIDA BAI LALACE BA

Maurai tana cikin tsofaffin unguwannin Yamai. Sunanta ya fito daga Mawri, wato sunan da Zabarmawa suke kiran Arawa da shi. A 1926 aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka kawo Yamai, gari ya yi ta girma, yau ga Maurai a tsakiyar birni. Baƙi da yawa suna kama haya a wannan unguwa. Wata rana ma'aikaci ya samu canjin wurin aiki, ko tsoho ya aje aiki, ko kuɗin haya su yi yawa, sai iyali su ɗaure kaya su nufi gida.

Ran tashi kowa yana ta kan gado da katifa da akwati. Abinci shi ake tunawa a ƙarshe, a tura shi cikin leda, a jefa bisa kamiyo. Nan ake yin hasara.

Daga Yamai zuwa Doso kamar kilomita 140 ne. Zuwa Dogon Dutsi kamar 270. Zuwa Maraɗi ya wuce 600. Kamiyon kaya ba ya sauri. Akwai jiran lodi, akwai tsayawa bisa hanya, wani lokaci ƙafa ta fashe. A watan Afrilu da Mayu kuwa zafin Yamai yana wuce digiri 40.

Me ke ɓata abinci?

Ƙwayoyin cuta ne waɗanda ido ba ya gani. Suna son ɗumi da laima. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 suke hayayyafa. In sun samu wuri mai daɗi, wasunsu suna ninkuwa kowane minti 20. Ƙwaya ɗaya sai ta wuce miliyan biyu cikin awa 7. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a aje ba wuta ba sanyi. Wasu mata suna sansana miya, in ba ta yi tsami ba su ce lafiya lau. Hanci ba likita ba ne. Miya tana iya ɗauke da cuta ba ta ko canza ƙamshi ba. Yara ƙanana da tsofaffi da masu ciki su ne suka fi shan wuya da zawo da amai.

Aikin na mako guda ne kafin tashi

Uwargida ta bar sayen ɗanyen kaya da yawa. Abin da ke ɗaka a cinye shi. Tumatir da guro a yanka sirara, a shanya bisa tabarma mai tsabta, nesa da ƙasa da awaki, har su bushe ƙamas. Tonka da yakuwa da zogala ma haka. Wanda bai gama bushewa ba, in an ɗaure shi, fumfuna yake yi.

Nama ya fi kome haɗari. Ɗanyen nama da ɗanyen kifin Isa ba su hawa mota. Ko dai a soya nama da gishiri har ruwansa ya ƙare sarai, ko a yi dambu, ko a yi kilishi. Kifi a yi masa banda. Dabarar duka ɗaya ce: a raba abinci da ruwansa. Kakanni ba su san firiji ba, amma da kilishi da cuku fatake suka riƙa ƙetare hamada. Nono da damammiyar fura a sha kafin tashi. Don guzuri, gara a riƙe garin rogo da ƙuli-ƙuli da soyayyar gujiya da dabino. Sauran miya da tuwo kuwa a miƙa wa maƙwabta, ya zama ban kwana.

Wanda ke da akwatin ƙanƙara ya cika shi da ƙanƙara sosai, ya rufe, kada a riƙa buɗewa. In ƙanƙara ta narke, ruwan ya yi ɗumi, akwatin bai da sauran amfani.

Yadda ake ɗauri

Kayan lambu suna numfashi ko bayan an tsinke su. Cikin leda sai su yi gumi su ruɓe. Tumatir a zaɓi mai ƙarfi wanda bai gama nuna ba, a jera cikin kwando bisa busasshiyar ciyawa, kada a tula da yawa. Mai rauni a fid da shi, shi ke ɓata sauran. Mangwaro da ayaba nunannu suna fid da wata iska mai gaggauta nunar tumatir, saboda haka kowa da kwandonsa. Albasa, ko da ta Galmi ce mai jimiri, tana son buhu mai huda. Ƙwai a binne su cikin dusa. Man shanu da man gujiya a rufe bakinsu da kyau, a tsai da su cikin bokiti.

Abu guda ba a wasa da shi. Buhun taki da galan ɗin maganin ƙwari ba su zama mazubin abinci, ko an wanke su sau goma. Kalanzir da fetur da sabulu su hau wani gefe dabam. Gari yana shan wari.

Bisa mota da bayan sauka

Abinci shi ne na ƙarshen hawa, shi ne na farkon sauka. A ɗora shi sama, kada gado ya danne shi, kada kuma ya zauna kusa da inji ko bisa ƙarfen mota mai zafi. A rufa masa tabarma ko zana. Tampol yana riƙe zafi. Ana iya yafa jiƙaƙƙen buhun algarara bisa kwandon tumatir, amma ban da albasa da busassun kaya. Maigida ya yi magana da direba tun jiya, a tashi da asuba.

In an isa, a kwance abinci kafin a ɗaura gado. Soyayyen nama a mai da shi bisa wuta ya yi zafi har ciki kafin a ba yara. Kayan lambu a sa su cikin randa biyu: ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen zane, a aje a inuwa inda iska ke kaɗawa. Wani malamin makaranta na Jigawa a Najeriya, Muhammad Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara cikin ƙauyuka, har aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Rairayin yana son ruwa safe da marece. Randar ta fi aiki da rani, lokacin da iska take a bushe.