Ranar Kafara: Yadda Yahudawa Suke Tuba a Lokacin Kaka

A tsakanin watan Satumba da Oktoba, lokacin da damina take janyewa daga ƙasar Kaduna, manoman Mahuta da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Chikun kuma suke karyar masara, Yahudawan duniya suna shiga kwanaki goma mafi alfarma a shekararsu, waɗanda suke farawa da Rosh Hashana, wato sabuwar shekara, su ƙare da Yom Kipur, wato Ranar Kafara, a goma ga watansu na Tishri. Mutanen Kaduna ba baƙi ba ne ga tushen waɗannan ranaku ko da ba su taɓa haɗuwa da Bayahude ba, domin Kiristocin kudancin Kogin Kaduna suna karanta dokokin Ranar Kafara a sura ta 16 da ta 23 ta Littafin Firistoci cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa tun 1932, Musulmi kuwa sun san hadisin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumin Ashura, wanda masana tarihi da dama suke dangantawa da wannan rana. Mabiya addinin Yahudanci a Najeriya ba su da yawa, galibinsu 'yan ƙabilar Ibo ne, kuma suna da majami'u a kudu maso gabas da kuma Abuja, irin su majami'ar Gihon da ke Jikwoyi.

Kalandar Yahudawa tana bin lissafin wata, amma ana ƙara wata guda sau 7 a kowace shekara 19, shi ya sa ranakun ba sa zagaya shekara kamar Ramadan. Shirin tuba yana farawa tun daga Elul, watan ƙarshe na shekara, ta yadda daga farkonsa zuwa Ranar Kafara ake samun kwana 40, adadin da malamansu suka danganta da komawar Annabi Musa kan Dutsen Sina'i don roƙa wa Bani Isra'ila gafara bayan sun bauta wa ɗan maraƙi. A wannan lokaci ana tashi kafin gari ya waye don karanta selihot, wato addu'o'in neman gafara. Yahudawan da asalinsu Andalus da ƙasashen Larabawa ne, waɗanda ake kira Sefardawa, suna farawa tun farkon watan, alhali Ashkenazawa, masu asali daga wasu sassan Turai, suna jinkirtawa sai sabuwar shekara ta matso. A Rosh Hashana ana busa shofar, wanda ƙahon rago ne da aka rarake, kimanin sau ɗari, da doguwar busa da gajeru masu kama da shassheƙar kuka, don farkar da mai gafala. Littafin Talmud, taskar fiƙihu da hikayoyin malamansu, ya ce a ranar ana buɗe littattafai uku, na salihai da na fajirai da na 'yan tsaka-tsaki, waɗanda ake dakatar da hukuncinsu har Ranar Kafara, kuma an hori kowa ya ɗauki kansa a ɗan tsaka-tsaki. Da yamma wasu sukan je bakin kogi su yi addu'a, su kakkaɓe aljihunsu a matsayin alamar zubar da zunubi, al'adar da ake kira tashlik, wadda aka fara ambata a rubuce a Jamus a ƙarni na 15.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne sharaɗin da Mishna, kundin shari'ar da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ta gindaya a babin Yoma: Ranar Kafara tana kankare laifin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, amma ba ta taɓa haƙƙin da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa har sai mai laifin ya je ya nemi yardar wanda ya zalunta. Musa bin Maimun, malamin da aka haifa a Kurɗuba ta Andalus, ya yi aikin likita a fadar Ayyubawa a Masar, ya rasu a 1204, ya fayyace wannan a babobi goma na dokokin tuba cikin littafinsa Mishne Tora. Sharuɗɗansa su ne barin laifin da yin nadama da ƙudurin ba za a koma ba da furta laifin da baki, ya kuma ce cikakken tubabbe shi ne wanda damar aikata laifin ta sake zuwa masa, yana da iko da ƙarfi kamar dā, amma ya kame. Wanda ya karanci babin tuba a littattafan Musulunci zai ga yadda sharuɗɗan suka yi kusa da juna.

A kan haƙƙin mutane kuwa, Ibn Maimun ya zayyana matakan dalla-dalla. Wanda ya ci dukiyar wani sai ya mayar, kuma mayarwar ba ta isa ba sai ya roƙi afuwa, ko da da baki kawai ya ɓata masa rai. Idan wanda aka zalunta ya ƙi yafewa, mai laifin ya ɗauko abokansa uku su je su ba shi haƙuri, idan ya sake ƙi a koma da wasu, har sau uku, daga nan nauyi ya sauka daga wuyan mai roƙo ya koma kan wanda ya taurare zuciya. Idan kuwa mai haƙƙin ya riga ya rasu, ana tara mutum goma a bakin kabarinsa, mai laifin ya faɗi abin da ya yi a gabansu, ya miƙa dukiyar ga magada. Sannan haramun ne a yi wa wanda ya tuba gori da abin da ya wuce. Wannan tsari ya kare kowane ɓangare, domin bai bar azzalumi ya fake da azumi ba, bai kuma bar wanda aka zalunta ya riƙe gaba har abada ba. A birnin Kaduna, inda rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 suka sa maƙwabta ƙaura, galibin Kiristoci zuwa kudancin kogi, Musulmi zuwa arewa, wannan magana tana da nauyi, kuma Kaduna ta ga misalinta a aikace wajen Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yi gaba da juna a rikicin 1992, daga baya suka yafe wa juna, suka kafa cibiyar sulhu tare.

A zamanin da Haikali yake tsaye a Urushalima, wato birnin Ƙudus, a Ranar Kafara babban firist ne yake jefa ƙuri'a a kan bunsuru biyu, a yanka ɗaya hadaya, ɗayan kuma a furta zunuban jama'a a kansa a kora shi jeji. Da Rumawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70, hadaya ta tsaya, malamai suka koyar da cewa tuba da addu'a da sadaka sun maye gurbinta. Har yau wasu suna yin kaparot, wato zagaya kai da zakara ko kaza kafin a yanka a ba talakawa, ko da yake Yusufu Karo, marubucin kundin Shulhan Aruk na ƙarni na 16, ya yi suka ga al'adar, kuma da yawa yanzu kuɗi suke bayarwa.

Azumin ranar yana farawa kafin faɗuwar rana, ya kai wajen awa 25, ba ci ba sha, ba wanka, ba shafa mai, ba takalmin fata, ba kusantar iyali, sai dai an ɗauke wa yara da marasa lafiya, domin ceton rai yana gaba da azumi a shari'arsu. Maza da yawa suna sa farar riga mai kama da likkafani. Ana buɗe daren da Kol Nidre, wani jawabi da harshen Aramiya na warware bakancen da mutum ya yi wa Ubangiji ya kasa cikawa, kuma malamai sun jaddada cewa bai shafi bashi ko alkawari ko rantsuwar gaban alƙali ba. Ana maimaita ikirarin zunubi a tsaye, an jera laifuffukan bisa haruffan Ibrananci, kowa yana ɗan dukan ƙirjinsa da hannun dama a kan kowane laifi, kuma lafazin na jam'i ne, saboda jama'a tana da kaso a laifin kowane ɗanta. Da la'asar ana karanta labarin Annabi Yunusa da mutanen Nineba, waɗanda ba Bani Isra'ila ba ne amma aka karɓi tubarsu. Ibada ta biyar, Ne'ila, wato rufe ƙofofi, tana zuwa dab da faɗuwar rana, a kammala ta da doguwar busar ƙaho guda, sannan a sha ruwa. A daren nan masu kiyaye al'ada suke fara kafa rumfar Idin Bukkoki, wanda yake kamawa a 15 ga Tishri, ana kwana bakwai ana cin abinci a cikinta.