Abin da ruwa ya haɗiye, tsumma ba ya tace shi

Mu ɗauki kofi uku, mu cika su da ruwa. A na farko mu zuba gishiri cokali ɗaya, a na biyu rairayi cokali ɗaya, a na uku man gujiya cokali ɗaya. Mu motsa kowanne, mu ajiye. Bayan ɗan lokaci za mu tarar rairayi ya kwanta a ƙasa, mai ya taso yana yawo a sama, gishiri kuwa ya ɓace ɗungum. Ruwan garau yake, kamar ba a sa masa kome ba. Amma harshe ya san gishirin yana nan.

Babu uwar gidan da ba ta san wannan ba. Tambayar ita ce: ina gishirin ya shiga? Me ya sa ruwa ya karɓe shi, ya ƙi mai? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Amsar wannan tambaya ta shafi lafiyar ƴaƴanmu, ta shafi gonarmu da lambunmu. Saboda haka mu bi ta sannu a hankali.

Ƙwayoyin da ido ba ya gani

Masana sun tabbatar da cewa kowane abu, ruwa ne ko dutse ko iska, tarin ƙananan ƙwayoyi ne. Ƙanƙantarsu ta wuce misali. Mutanen duniya a yau sun haura miliyar 8. Da za su taru su duka, kowa yana ƙirga ƙwaya ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai sun yi fiye da shekara 6000 kafin su gama ƙirga ƙwayoyin da suke cikin ɗigon ruwa guda.

Ƙwayoyin nan suna jan juna, suna riƙe da juna. Inda riƙon ya yi ƙarfi, kowace ƙwaya tana tsaye a wurinta kamar tubali cikin gini, abin sai ya yi tauri, kamar kantun gishiri. Inda riƙon ya ɗan sassauta, ƙwayoyin suna manne amma suna zamewa a jikin juna, kamar jama'a ranar kasuwa. Wannan shi ne abu mai kwarara, irin ruwa da mai. Inda riƙon ya tsinke, kowace ta kama gabanta, shi ne tururi. Zafi ne yake girgiza su har su saki juna. Man shanu riƙonsa ba shi da ƙarfi, zafin rana ma ya isa ya narkar da shi. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Gishiri kuwa sai wuta ta kai digiri 801 kafin ya narke da kansa.

Isansi, wato man mota, riƙonsa ya fi na ruwa rauni ƙwarai. Shi ya sa in aka bar buteli a buɗe yakan ragu, warinsa ya cika ɗaki. Wannan warin tururi ne, kuma tururin ne yake kama wuta, ko da ashana tana nesa da butelin. Mai ajiye isansi a ɗakin da ake kunna fitila ko ake girki, ya sake tunani.

To ƙwayar ruwa tana da wani hali nata. Mu tuna da pil ɗin rediyo: gefe ɗaya yana da alamar +, ɗayan yana da alamar −. Ƙwayar ruwa ma gefe biyu gare ta kamar haka, kuma + da − kullum jan juna suke yi. Gishiri shi ma haɗin ƙwayoyi iri biyu ne, masu + da masu −. Da ya faɗa cikin ruwa, sai ƙwayoyin ruwa su yi masa caa, su riƙa zare ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙwayar gishiri sai ta tafi kewaye da ƙwayoyin ruwa, kamar amarya a tsakiyar ƙawayenta. Wannan shi ne narkewa. Amma ƙawayen suna da iyaka: litir ɗaya na ruwa ba ya ɗaukar gishirin da ya wuce kamar gram 360, saura sai ya kwanta. Sukari kuwa, litir ɗaya yana iya ɗaukar wajen kilo 2.

Rairayi riƙonsa ya fi ƙarfin ruwa, ba ya zaruwa. Mai kuma ba shi da + ba shi da −, ba shi da hannun da zai miƙa wa ruwa. Ƙwayoyin ruwa sai su riƙe junansu su bar shi waje, tun da kuma ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya hau sama.

Gishirin da ya narke bai mutu ba. Mutanen Balma da Fashi sun daɗe da sanin haka. Suna barin ruwan gishiri cikin ramuka, rana ta ɗauke ruwan, gishiri ya sake fitowa, su yi kantu, ayarin raƙuma ya kawo mana kudu. Mu riƙe wannan da kyau: zafi ruwa kaɗai yake kora, abin da ya narke a ciki yana nan a baya.

Darasin Tibiri

A yaƙin da aka yi da kurkunu, an koya wa mutanen karkara tace ruwa da tsumma. Dabarar ta yi aiki, domin ƙaramar halittar da take ɗauke da ƴaƴan tsutsar ciwon yawo take yi cikin ruwa, ba narkewa ta yi ba, tsumma kuwa yana tare ta. A shekara ta 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Tafasa ruwa ma yana da amfani babba, yana kashe ƙwayoyin cuta masu kawo zawo da amai. Kada kowa ya bar waɗannan biyun.

Amma abin da ya narke, labarinsa dabam ne. Yana bin ruwa ya ratsa tsumma, komin ƙanƙantar idonsa. In an tafasa, ruwa ne yake raguwa, shi yana nan.

Garin Tibiri, kusa da Maraɗi, ya ga wannan da idonsa. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen shekara ta 2000, mutanen garin sun sha ruwan wata rijiya mai zurfi, irin ta foraj. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗanɗanon da zai sa a yi zargi. Ashe a can ƙarƙashin ƙasa ya narkar da wani sinadari daga jikin duwatsu, ana ce masa fuluwor. Kaɗan daga cikinsa yana ƙara wa haƙori ƙarfi. In ya yi yawa kuwa, ɓarna yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligram ɗaya da rabi a litir, miligram kuwa shi ne a raba gram ɗaya gida 1000 a ɗauki ɗaya. Na ruwan Tibiri ya ninka wannan iyaka fiye da sau uku. Yaran da suka tashi suna shan sa, haƙoransu suka rine, ƙasusuwansu suka lalace, ɗaruruwa daga cikinsu ƙafafunsu suka tanƙware. Ƙashin da ya riga ya tanƙware kuwa ba ya miƙewa don an sake ruwa.

Ba maita ba ce, ba iska ba ce, ba kuma sakacin iyaye mata ba ne. Ido da harshe ba su iya gano fuluwor, sai awo a ɗakin bincike. Saboda haka a ganinmu, duk garin da aka haƙa wa sabon foraj, haƙƙin kwamitin ruwa ne ya nemi takardar awon ruwan, a karanta ta a gaban jama'a. Ga amfanin karatun da muke yi. In kuma muka lura yara da yawa a gari ɗaya haƙoransu suna fitowa da tabo fari kamar alli, ko ja-ja kamar na mai cin goro, mu sanar da ma'aikatan kiwon lafiya, mu nemi a auna ruwan.

Gishiri yana kiran ruwa

In muka yanka albasa muka barbaɗa mata gishiri, ba a jimawa sai ta yi ruwa. Dalili shi ne, ruwa yana ratsa ɓawo mai laushi ya nufi gefen da narkakken abu ya fi yawa. Haka yake a jikin albasa, haka yake a hanjin yaro, haka yake a saiwar hatsi.

Yaron da yake zawo, ruwan jikinsa ne yake zuba, kuma wannan bushewar ce take kisa. Ruwan gishiri da sukari yana ceto, domin in ma'auni ya yi daidai, sukari da gishiri suna ratsa hanji tare su shiga jini, ruwa ya biyo su. In sukari ya yi yawa, sai abin ya juye: ruwan jikin yaro ne zai fito ya shiga hanji, zawo ya ƙaru. In gishiri ya yi yawa, shi ma cuta ne. Uwa takan ce bari ta ƙara ƙarfin magani don ɗanta ya warke da wuri. Niyyar kirki ce, amma a nan ƙari ɓarna ne.

Ƙunshin da ake bayarwa a gidan likita, wanda aka rubuta masa litir ɗaya, a zuba shi duka cikin litir ɗaya cif na ruwa mai tsabta, ba rabi ba. In babu ƙunshi a kusa, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, ba a tule ba, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin litir ɗaya. A ɗanɗana: kada gishirinsa ya fi na hawaye. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Abin da ya kwana ya wuni, a zubar a sake sabo. A gidan likita ana haɗawa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Lemun kwalba ba magani ba ne, sukarinsa ya yi yawa. In yaro ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko akwai jini cikin zawon, a garzaya da shi likita.

Takin zamani shi ma dangin gishiri ne. In aka tula shi jikin iri ko jikin saiwa, sai ya janye ruwan tsiron, manomi ya ce taki ya ƙone masa shuka. Masu bincike a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, sun nuna ɗan kaɗan ya isa a kowane ramin hatsi: gram 6 na 15-15-15, wato kamar cikin marfin kwalbar lemu, ko gram 2 na DAP. Takin ure kuma sai shuka ta tashi, a sa shi gefe cikin ƙasa mai danshi, a rufe.

Masu lambu sukan ga wani farin abu kamar kanwa bisa fangali. Ruwa ne yake hawowa ta ƙananan kafofin ƙasa, yadda kananzir yake hawa lagwani, rana ta ɗauke shi ta bar gishirinsa, kamar dai a Balma. Rufe ƙasa da kara ko ciyawa yana rage wannan. Lokaci-lokaci kuma a yi ban-ruwa mai yawa, inda ruwan yake da hanyar wucewa, don ya tafi da gishirin ƙasa.

Dillalin ruwa da mai

Tun da ruwa da mai ba su ga maciji, yaya muke wanke tukunyar miya? Sabulu ne dillali. Ƙwayarsa doguwa ce, kanta yana son ruwa, wutsiyarta tana son mai. Wutsiya ta cafke maiƙo, kai ya riƙe ruwa, in aka ɗauraye su tafi tare. Fatar hannunmu kullum da maiƙo, datti da ƙwayoyin cuta kuwa a jikinsa suke maƙalewa. Shi ya sa wanke hannu da ruwa zalla, balle a ce mutum goma cikin ƙwarya ɗaya, bai wadatar ba. A cuɗa da sabulu, a zuba ruwa daga buta.

Inda wannan magana ta fi nauyi shi ne wajen maganin ƙwari. Da yawa daga magungunan feshi dangin mai ne. Masu yin su sukan haɗa su da wani abu mai aikin sabulu, shi ya sa in aka zuba su cikin ruwa suke yin fari kamar madara. Wasu masu gari kuma ba narkewa suke yi ba, yawo suke yi cikin ruwan, in aka bar su sai su kwanta. In mai feshi bai riƙa girgiza tankinsa ba, wani sashen gona zai sami ruwa kusan zalla, wani sashen ya sami guba fiye da kima.

Abin da yake dangin mai yana son maiƙon fatarmu. Ba sai an sha ba, ta fata ma yana shiga jini. Kada a motsa shi da hannu. A sa riga mai dogon hannu da wando da takalmi, a rufe hanci da baki, a ba iska baya. Da an gama, a yi wanka da sabulu, a wanke tufafin dabam da na iyali.

Akwai al'adar shan madara bayan feshi, wai tana kashe dafi. Ba ta kashewa. Maiƙon da yake cikin madara ma yana iya taimaka wa irin wannan guba ta ratsa hanji. Wanda ya sha maganin ƙwari, ko yaron da ya sha kananzir, kada a ba shi madara ko mai, kada a tilasta masa amai. A kai shi likita nan take, a tafi da kwalbar don ma'aikata su karanta sunan maganin.

Bidon da maganin ya ƙare a ciki kuwa, ko an wanke shi ya yi fes, gubar ta riga ta shige jikin robar, kuma za ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan cikin duk abin da aka zuba, musamman man girki da nono. A ɗauraye shi sau uku, a zuba ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, sannan a huda gindinsa don kada wani ya tsinta ya kai rijiya.