Aikin Ɗan Sanda a Ƙasarmu ta Bakin Ruwa

Duk shekara in an tambayi 'yan ajin ƙarshe aikin da suke so su yi, ba a rasa mutum biyu ko uku da za su ce ɗan sanda. In ka bi ba'asi, sai ka tarar kaki da bindiga ne suka ja hankalinsu. To, ya kamata mai wannan niyya ya san cewa mafi yawan aikin da alƙalami ake yinsa, da kuma tsayuwa a rana.

Kakanninmu sun san dogaran sarki, sa'an nan suka ga 'yan doka na En'e. Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya kuwa a 1930 aka kafa ta, lokacin da aka haɗa ta Arewa da ta Kudu. A zamanin mulkin Janar Gowon aka shigar da 'yan doka cikinta. Bambancin shi ne, ɗan doka ɗan gari ne, ya san kowa, kowa ya san shi. Ɗan sandan yau ma'aikacin tarayya ne, ana iya ɗauko shi daga wata jiha mai nisa a ajiye shi a Wara, bai taɓa shiga kwalekwale ba, ba ya jin Kambarci ko Gunganci, watakila Hausar ma kame-kame yake yi.

Ku shiga caji ofis da safe ku gani. Akwai wanda ke zaune a kanta, da babban littafi a gabansa. Duk wanda ya kawo ƙara sai an rubuta sunansa, da lokacin zuwansa, da abin da ya faɗa. Wannan ya ce shanu sun ci masa gero, wancan ya ce an sace masa taru ko injin jirgi da dare, wata ta ce an yanke mata kuɗi a kasuwa. Kowannensu ya zo da zafin rai, kowannensu kuma gani yake shi ke da gaskiya. Mai bincike zai ɗauki jawabin kowa, ya je ya ga wurin da idonsa, in ta kama ya bi shari'ar har kotu ya ba da shaida. Ya yi kuskuren kwanan wata ɗaya, lauya zai iya rushe masa aikin wata uku. Saboda haka ɗalibin da ke gudun darasin rubutu, ya sake tunani.

Doka ta ɗaure hannun ɗan sanda fiye da yadda mutane suke zato. Tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, ko kwana biyu in kotun tana da nisa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Beli kuma kyauta ne, a rubuce yake a bangon ofisoshi da yawa. Kowa ya san ba kullum ake bin wannan ba, kuma naira ɗari da ake miƙawa a shingen hanya ta ɓata sunan aikin ƙwarai. Amma a ganina mai miƙawa ma yana da nasa kason, domin sau da yawa ya san lodinsa ya wuce ƙa'ida.

Zancen lodi ya kawo mu bakin ruwa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin ya zama hanyarmu ta kasuwa. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja ya nufo Wara da mutane fiye da 150 ya nutse, waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Masunta ne suka yi ta nutso suna fito da gawawwaki. A irin wannan rana aikin ɗan sanda shi ne ya tsare taron jama'a a gaɓa, ya rubuta sunayen waɗanda aka samu, ya fuskanci iyayen da suka zo neman 'ya'yansu. Mako uku bayan haka, ran 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka auka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai, suka kashe ɗan sanda ɗaya daga cikin masu gadin makarantar.

Mai son shiga a matsayin kurtu yana bukatar shekara 18 zuwa 25, da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, sai horo na wasu watanni a kwalejin 'yan sanda, kamar ta Kaduna. Daga nan a hankali ake hawa kofur, saje, har sufeto. Mai son fitowa da digiri da muƙamin hafsa sai ya nemi makarantar 'yan sanda ta Wudil a jihar Kano, inda ake shekara biyar. Ana yin ritaya bayan shekara 35 ana aiki, ko in mutum ya kai shekara 60. Fanshon kuwa ya daɗe yana jawo kuka, har a watan Yuli 2025 tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja a kansa.