Taurin Shasi da Tasirinsa ga Ƙananan Motocin Tsere Masu Rimot

A tseren ƙananan motocin da ake sarrafawa da rimot, wanda hukumar IFMAR da aka kafa a 1979 take shirya gasanninsa na duniya, masu gyaran mota suna ba shasi muhimmanci ƙwarai, wato farantin ƙasa da yake ɗauke da inji da batir da ƙafafun mota. A rukunin motocin lantarki masu girman kashi ɗaya cikin goma na mota ta gaske, waɗanda faɗinsu ya kai milimita 190, kamfanoni irin su Tamiya da Yokomo na Japan da Xray na Sulobakiya suna ƙera wannan faranti da zaren kabon ko alminiyom, kaurinsa kuwa milimita 2 ne ko sama da haka kaɗan.

Asalin batun shi ne, shasi yana murɗewa idan mota ta shiga kwana, yana aiki tamkar ƙarin sifirin, sai dai ba shi da man da ke cikin shokozoba wanda yake rage saurin dawowar sifirin. A kan kwalta mai ƙura ko santsi, wannan murɗewa tana da amfani, domin tana barin tayoyin huɗu su manne da ƙasa, motar ta yi sauƙin tuƙi. Amma a kan kafet, inda tayoyi suke kama ƙasa sosai, shasi mai laushi yakan jinkirta amsa sitiyari, ya dawo da ƙarfi a tsakiyar kwana, har motar ta kife saboda yawan kamu. Shi ya sa a can ake fifita alminiyom, wanda nauyinsa yake sauko da cibiyar nauyin motar kusa da ƙasa.

Ana daidaita taurin ne ta hanyar sauya kaurin faranti, ko cire wasu sukurori daga farantin sama da ya haɗa gaba da baya, kuma wajibi ne ɓangaren dama da na hagu su murɗe daidai, in ba haka ba motar za ta fi karkata gefe ɗaya. Tun da kamun hanya yana ƙaruwa yayin da robar tayoyi take taruwa a kanta, taurin da ya dace da safe ba lallai ya dace da yamma ba, don haka gwani yakan sauya abu ɗaya kaɗai a kowane gwaji, ya auna sakamakonsa da lokacin kewaye kafin ya taɓa wani.