Amsoshin Wasiƙunku: Wai Shin Ritaya Ce Ke Kawo Ciwo?

Wannan fili ne da muke buga amsoshin da muka bayar a rediyo, domin waɗanda shirin ya wuce su, ko kuwa batir ya yi musu tsiya ana tsakiyar magana.

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani dattijo a ƙasar Katsina. Ya ce ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, ya ajiye bara. Tun daga nan, in ji shi, jikinsa ya ƙi daɗi: gwiwa na ciwo, barci ya ƙaurace, fitsarin dare ya dame shi, ga wata kasala wadda bai san ta ba a da. Kuma abokan aikinsa biyu da suka riga shi fita, ɗaya ɓarin jikinsa ya shanye, ɗayan ya riga mu gidan gaskiya. Shi ne yake tambaya, wai gaskiya ne abin da ake faɗi cewa ritaya ita ke karya mutum? In kuwa haka ne, ina mafita?

To Baba, Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba mai jinya lafiya. Kai kuma mai karatu, ko da sauranka shekara 20 a bakin aiki, kada ka ce wannan ba taka ba ce. Tun ran gini ran zane.

Ita dai takardar ritaya ba ta ɗauke da wata cuta a cikinta. Abin da ke faruwa shi ne tana iske mutum daidai lokacin da jiki ya fara karɓar bashinsa. A Nijeriya ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 ana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman makaranta an yi musu doka a 2022 wadda ta kai nasu shekara 65 da haihuwa ko 40 ana aiki, ko da yake sai malami ya bincika ya ji yadda jiharsa ta ɗauki dokar. To waɗannan shekaru, daga hamsin da 'yan kai zuwa sittin da wani abu, su ne dai shekarun da hawan jini da ciwon suga da ciwon gaɓoɓi suka fi bayyana, ko ga manomi da ɗan kasuwa waɗanda ba su taɓa shiga ofis ba. Sau da yawa ciwon ya daɗe yana kwance tun mutum na bakin aiki, hidima ce ta hana a lura.

Amma kuma kada mu wanke ritaya tas. Akwai abin da take ƙwacewa, kuma babba ne. Shekara talatin da wani abu akwai abin da ke tashe ka, ya sa ka wanka da wuri, ya fitar da kai daga gida. Kana tafiya, kana hawa bene, kana gaisawa da mutum hamsin kafin azahar, ana kawo maka takarda a ce sai ka sa hannu. Rana ɗaya duk wannan ya yanke. Mu da muka bi ta kwalejin horon malamai an koya mana cewa aji marar jadawali ba ya zaunuwa, kuma na lura babba ma haka yake. Sai ka ga mutum ya dawo daga sallar asuba ya koma ya kwanta har hantsi, ya fito dakali ya zauna har azahar, ya ci tuwo ya sake kishingiɗa. Da dare kuma ya ce barci ya ƙi zuwa. Ina zai zo, an riga an cinye shi da rana? Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Naman jikin dattijo yana saurin zubewa idan ba a motsa shi, gwiwar da ba a tanƙwarawa kuma ƙara sandarewa take yi.

Bari in daɗe kaɗan a kan hawan jini, don shi ne ya fi yi mana ɓarna, kuma shi ne na fi zargi game da abokin nan naka da ya shanye. Mutane suna jiran ciwon kai ko jiri kafin su ce jininsu ya hau. Wannan kuskure ne. Yawanci ba ya nuna alama ko ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Hanya ɗaya ce ta ganewa, a ɗaura maka abin awo a dantse. Idan aka auna a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko fiye, to akwai shi. Idan aka bar shi, a hankali yake cin jijiyoyin jini har wata rana ɗaya ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Yana kuma kumbura zuciya, yana lalata ƙoda.

Ga inda dattawanmu suka fi faɗawa rami. Likita ya rubuta magani, an sha na wata ɗaya, an ji garau, sai a ce an warke a ajiye. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne da ake gamawa. Shi riƙe jinin yake yi, ranar da ka sake shi jinin ya koma inda yake. Idan kuɗin maganin ne ya yi nauyi, faɗa wa likita ƙarara, akwai masu sauƙin kuɗi da ke aiki sosai. Idan kuma wani lahani yake yi maka, kamar tari ko kumburin ƙafa, ko ma abin da namiji ke jin nauyin faɗi, koma a canza maka wani. Kunyar likita ba ta da amfani.

Sai gishiri. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shi ne kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke cikin abinci. Uwargida za ta ce ai ita ɗan kaɗan take barbaɗawa. To a lissafa da dunƙulen magi nawa aka jefa a miya, da kanwar da aka sa, da yajin tsire da kilishi, da burodin safe. Duk gidansu ɗaya. A ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, a rage dunƙule. Mako biyu ko uku harshe zai saba.

Kuma don Allah jama'a ku riƙe wannan: idan kuka ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, a nemi mota a nufi babban asibiti nan take. Kada a tsaya ana cewa iska ce ta buge shi, ana shafe-shafe har gari ya waye. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya. Awoyin farko su ne ake iya ceto a cikinsu.

Zancen fitsarin dare kuwa, Baba, abu biyu ya kamata a duba maka. Na farko suga. Idan fitsarin yana da yawa, ga ƙishirwa, ga rama, ko ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, je a auna jininka da safe kafin ka karya. Idan ya kai 126 a ma'aunin da aka fi amfani da shi, ko 7 a ɗaya ma'aunin, kuma aka maimaita aka sake samun haka, to ciwon suga ne. Na biyu, akwai wata tsoka a ƙarƙashin mafitsarar namiji wadda likitoci ke kira furostet. Tana ƙara girma da shekaru, ta matse hanyar fitsari, sai ya riƙa fita da ƙyar, a gama a ji kamar da saura. Galibi kumburi ne kawai na tsufa kuma yana da magani, amma tunda wani lokaci sankara kan ɓuya a wurin, likita ne zai bambance. Wanda fitsari ya tsaya masa cak kuwa, wannan ba ya kwana a gida.

Gwiwa fa? A nan ina da ƙorafi a kan 'yan kemis da masu tallar magani a faranti. Dattijo ya ce gwiwa, sai a ƙulla masa haɗi a leda, ƙwaya biyar ko shida, ba suna ba takarda. Cikinsu akan sami irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda idan aka daɗe ana sha suna ƙwaƙule ciki, su taɓa ƙoda, su kuma ƙara hawan jini. An gyara gwiwa an ɓata ƙoda, ina riba? Abin da ya fi taimakon gwiwa shi ne rage ƙiba ga mai ita, da tafiya. Masana sun ce dattijo ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato kamar rabin awa sau biyar. Ba sai ka sayi wandon 'yan ƙwallo ba. Zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa, taka zuwa kasuwa maimakon hawa babur, kama ɗan aikin lambu. Fara da minti 10 in jiki ya yi nauyi. A kuma riƙa shan ruwa ko ba a ji ƙishi ba, musamman da bazara, domin jin ƙishirwa yana raguwa da tsufa.

Ido ma a kai shi awo ko sau ɗaya a shekara. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki mutum ya koma gani, ana yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano da sauran manyan asibitoci. Kada a yarda da masu sokewa da allura a gida. Gilakoma kuwa, abin da ta cinye ba ya dawowa, sai dai a tare saura.

Yanzu kuɗi, tunda rabin ciwon ɗan fansho daga aljihu yake tasowa. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sake a 2014, ta kawo tsarin adashi: ma'aikaci na zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki na zuba kashi 10, hukumar PenCom na sa ido. Waɗanda suka fita a tsohon tsarin Gwamnatin Tarayya suna hannun PTAD, jihohi kuma kowace da irin nata. Wanda ke tsarin adashi, bayan dunƙulen da za a ba shi, zai zaɓi ɗaya cikin biyu: ko kamfanin fanshonsa ya riƙa yanko masa wata-wata daga asusunsa, abin da ya rage bayan ransa na magada ne, ko ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya riƙa biyansa har ƙarshen rai, da lamunin shekara 10. Wanda ya shiga na inshora ba ya komowa na farko, saboda haka kada a sa hannu cikin gaggawa.

Shi kuma dunƙulen, ko garatuti ne, ranar da ya shigo za ka ga 'yan'uwan da rabonka da su tun suna. Wani zai kawo maka sana'ar da riba ke ninkawa a wata uku, wani ya ce ga wata bazawara mai hankali. Ni dai shawarata, kada ka zuba kuɗin shekara 35 a sana'ar da ba ka taɓa yi ba. Fara ware na magani da awo tukuna, domin inshorar lafiya ta wurin aiki takan yanke idan albashi ya tsaya. Je ofishin NHIA, ko hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, ka tambayi yadda mutum ke shiga da kansa.

Saura kasalar nan da ka ambata. Wani lokaci ba ta jiki ba ce, ta zuciya ce. Mutumin da aka saba miƙe wa idan ya shigo, yau wayarsa ta yini ba ta yi ƙara ba, dole ya ji wani iri. Wasu sai su huce a kan iyali, maigida ya koma mai binciken tukunya, yana ƙirga cokalin mai, alhali uwargida ta shekara 30 tana tafiyar da gidanta ba tare da sufeto ba. Gara ka nemi inda ake bukatarka. Da tsohuwar zuma ake magani: makarantar Islamiyyar unguwa na neman mai riƙe mata lissafi, ƙungiyar iyaye da malamai na neman mai rubuta mata wasiƙa, ga yaran da ba su iya karatu ba, ga sulhu tsakanin maƙwabta. Ka sa wa abin lokaci, ka riƙe shi kamar yadda ka riƙe ofis. Iyayenmu mata da suka yi ritaya daga koyarwa ko aikin jinya, wannan magana har da ku. Amma idan baƙin cikin ya wuce mako biyu, abinci ya fita kai, mutum ya daina sha'awar komai har shiga jama'a, to ciwon damuwa ne, kuma asibiti na da maganinsa. Haka nan idan mantuwa ta kai mutum na ɓata a hanyar gidansa, kada a ce gigin tsufa ne kawai a yi shiru.

Don haka Baba, wannan mako ka sami ɗan littafi irin na 'yan makaranta, ka je asibiti mafi kusa a auna jini da suga, a rubuta maka da kwanan wata, ka kuma gaya wa likita zancen fitsarin da duk wata ƙwaya da kake sha, har da na gargajiya. Duk zuwa ka tafi da littafin. In azumi ya matso kuma an same ka da suga, a tsara maka shan magani tun cikin Sha'aban.

Muna jiran wasiƙa ta biyu mu ji abin da awo ya nuna. Masu tambaya a kan tantance 'yan fansho, mun ga wasiƙunku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.