Bayani a kan Asalin Mabiyiya da Sababin Jijjiga

Ka sani, ya kai mai karatu, abin nan da ungozoma take binnewa a bayan ɗaki idan an yanke cibi, wanda ake kira mabiyiya, asalinsa ɗaya da na jariri. Daga ƙwaya guda suka fito, wato ƙwan mace da maniyyi ya shiga. Rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin mabiyiya shi ne ke cikin ƙwayoyin ɗan, rabi na uba rabi na uwa. To, mene ne ya raba su, wannan ya zama mutum, waccan ta zama tsokar da za a turbuɗe?

Masana halittar ɗan tayi suka ce furotin ne. Furotin wasu abubuwa ne ƙanana ƙwarai da kowace ƙwaya take ƙerawa bisa umurnin rubutun gado, su ne ke yin aikin jiki duka. Misalin ƙwayoyin nan kamar almajirai ne masu littafi ɗaya, amma kowa da babin da aka buɗe masa.

A kwana biyu na farko ɗan tayi guzurin uwa yake ci, watau abin da ƙwai ya tara tun kafin haɗuwa. A shekarar 1988 Peter Braude da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa tsakanin ƙwaya 4 da ƙwaya 8, wajen kwana na uku, sababbin furotin suke bayyana, alamar ɗan tayi ya soma karanta nasa rubutun. A kwana na biyar ya zama ƙwallo mai kogo, bai kai ƙwayar gero ba ko kusa. Ƙwayoyin da ke ciki su riƙe furotin da ake kira OCT4 da NANOG, daga gare su ɗa zai fito. Na waje kuwa su ɗaukaka GATA3 da CDX2, su ne tushen mabiyiya. A 2017 Kathy Niakan da jama'arta a Landan suka kashe umurnin OCT4, sai ginin ya ɓaci, har ƙwayoyin waje ma ba su tsira ba.

Wajen kwana na shida zuwa na bakwai ƙwallon ya manne wa bangon mahaifa. Daga nan ƙwayoyin waje su fara zuba wani furotin mai suna hCG cikin jinin uwa, wanda ke sa haila ta ɗauke. Shi ne tsinken gwajin ciki na kemis yake nema cikin fitsari. Yana hauhawa har wajen mako na 10, sa'an nan ya sauka.

Amma babban aikin ƙwayoyin nan shi ne su kutsa cikin jijiyoyin jini na mahaifa, su buɗe su, domin jini ya malalo wa ɗan a yalwace. Nan ne hatsari yake. In jijiyoyin ba su buɗu yadda ya kamata ba, mabiyiya ta ƙuntata, sai ta riƙa fitar da furotin sFlt-1 fiye da kima, kamar yadda Ananth Karumanchi da abokansa suka bayyana a Boston ta Amurka a 2003. Furotin ɗin ya bi jini ya raunana jijiyoyin uwa. Bayan mako na 20 sai a ga hawan jini, da kumburin fuska da hannuwa, da ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi. In abin ya ƙazanta, jijjiga ke nan, mace ta faɗi tana taune harshe.

Sau da yawa akan jingina wannan ga iskoki, a tsaya hayaƙi da tofi alhali lokaci yana ƙurewa. Addu'a ba ta hana ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti, kuma ɓarnar ta fara ne tun watannin farko, sa'ad da ko maƙwabta ba su san da cikin ba. Shi ya sa awo yake da daraja. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, nan cikin Sakkwato, ana auna jini, a duba fitsari ko furotin ya zubo cikinsa. Awon jini in ya kai 140 bisa 90, likita ba ya sakaci da shi. Akwai kuma allurar maganiziyom salfet, wadda gwajin da aka bayyana a 2002, kan mata kimanin 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna tana rage aukuwar jijjiga fiye da rabi.

Tun da mabiyiya ce mafarin ciwon, fitarta ce ke kawo sauƙi, don haka likita kan sa a haihu kafin wata tara idan ran uwa ya shiga haɗari. Sai dai jijiyoyin ba sa warkewa nan take. Jijjiga takan zo ko bayan haihuwa, galibi cikin kwanakin farko, tun ba a yi suna ba. Mai jego da ta koka da ciwon kai mai tsanani ko duhun gani, a mai da ita asibiti a ranar.